Haddar Allon Likitan Ido

Kwana goma sha tara ke nan da aka jingine maganar auren Ummul Khairi da Laminu, kuma abin da ya jawo haka bai wuce gaisuwa guda ɗaya ba.

Ranar kasuwar Dungas ce abin ya faru. Ummu ta taso daga wajen niƙa da roba a ka, Iya Ƙande, mahaifiyar Laminu, tana zaune da ƙawayenta a gindin darbejiya a ɗaya gefen hanya. Ummu ta juyo ta kalli wajen sosai, har da ƙanƙance ido, sannan ta ɗauke kai ta yi gaba. Babu durƙuso, babu sunkuyar da kai irin na kunyar suruka. Kafin magariba labari ya gama unguwa.

Da Laminu ya yi shiru, da ƙila an kai goro an ba da haƙuri, magana ta mutu. Amma so ya hana shi riƙe bakinsa.

"Wallahi Iya ba raini ba ne, ba ta gan ki ba ne. Ko ni in na tsaya nesa, sai na yi magana take gane ni."

Iya Ƙande ta ajiye muciyar da ke hannunta. Ta kalle shi ta ce, "Ashe haka ne."

Babu wanda bai san Malam Wada, mahaifin Ummu, ba. Tela ne da ya yi suna, yau shekara bakwai yana zaune a zaure idonsa a buɗe amma ba ya ganin ko tafin hannunsa. Uwarsa ma da sanda aka ja ta har ta koma ga Allah. Iya Ƙande ba ta yi faɗa ba, sharaɗi kawai ta kafa. A kai yarinya Magarya wajen likitan ido, ita kuma tana zaune a cikin ɗakin. In ta karanta allon likita har ƙasa, a sa rana. In aka ce sai da tabarau, kowa ya kama gabansa.

Ummu ta gaji. Ba wai gajiyar kwana goma sha tara kaɗai ba, tun tana aji huɗu a lakwal, makarantar boko, take fama da wannan ɓoyo. A gaba take zama, ta kwafi rubutu daga littafin maƙwabciyarta. Mutane kuwa da tafiyarsu take gane su, ko da launin zanen da suka saba ɗaurawa. Ranar nan Iya Ƙande sabuwar atamfa ta ɗaura, shi ke nan fa.

Bayan la'asar Laminu ya zo, ya kafe motonsa, babur ɗin da yake kabu-kabu da shi, a ƙofar gida. Fuskarsa duk ta faɗa.

"Ummu, ki yi mini magana mana. Ko zagi ne ki yi."

"Me zan ce, Yaya Laminu? Kai ka riga ka faɗi komai."

"Kare ki na yi niyyar yi."

"Na sani." Hawaye suka zubo mata, ba ta ko share ba. "Shi ya sa abin ya fi ciwo. Da ka bari an ce ba ni da tarbiyya, da na je na durƙusa har gwiwata ta saɓule, ta yafe mini. Yanzu wa zan roƙa? Idona zan roƙa?"

"In sha Allahu za ki karanta allon nan."

"In ban karanta ba fa?"

Ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin moto.

"Ka gani ko? Ka yi shiru."

"Uwata ce, Ummu. Ita ta riƙe ni tun rasuwar Baba, da surfe da daka ta ciyar da ni. Ba ƙin ki take ba, tsoro take. Ta ce ba za ta iya ganin jikokinta suna laluben bango ba."

"Ni kuma kana zaton ba na tsoro? Kullum na farka sai na ɗaga hannu na ƙirga yatsuna, in ga ko suna nan."

Suka yi ta tsayuwa a haka, ita tana kuka a hankali don kada Malam Wada ya ji daga zaure, har aka fara kiran magariba ya ja motonsa ya tafi.

Washegari Rahama, 'yar ƙanen mahaifinta kuma aminiyarta, ta kawo shawara. Su je kasuwa a ɓoye su gwada tabarau, ko don Ummu ta san matsayinta kafin ranar Magarya. Matsalar guda ce. A duk kasuwar Dungas mutum ɗaya ke sayar da tabarau na gani, shi ne Sadisu, wanda ya shekara biyu yana aiko wa Ummu turare tana mayar masa.

Suka jira ranar kasuwa ta zagayo, suka ja mayafi har goshi, suka bi ta bayan 'yan yadi.

Sadisu yana cikin rumfarsa tsakanin agoguna da tocila da caja. Yana ganinsu ya miƙe, murmushi har kunne.

"Lale marhabin! Yau wace rana, Ummul Khairi da kanta a rumfata?"

"Tabarau muke so mu gani," in ji Rahama. "Na Gwaggo ne."

"Na Gwaggo, ko?" Ya yi 'yar dariya. "To bari in fito da su, mai kama da Gwaggo ta gwada mata."

Ya jawo wani faranti daga ƙarƙashin tebur. Tabarau ne jere, wasu bakin zinare, wasu baƙar roba, kowanne da 'yar lamba manne a jikin gilashin. Ya miƙo allura da zare, don haka yake yi wa kowa. Ka sa tabarau, in ka zura zare a kafar allura, to naka ne, ka biya ka tafi. Da wannan gwajin ya sayar wa rabin tsofaffin garin, kuma babu wanda ya taɓa dawo masa da kaya.

Ummu ta sa na farko. Duniya ta narke mata gaba ɗaya. Ta sa na biyu, rumfar da ke gabanta ta koma hayaƙi. Na uku kuwa sai da ta dafa tebur don jiri.

"Ni fa allura ba ta gagare ni ba ko babu tabarau," ta ce da muryar da ba ta fita sosai. "Nesa ne ba na gani."

"Ido ai ido ne," in ji Sadisu. "Bari in ba ki mai ƙarfin duka, wanda Limamin Guci ya saya irinsa."

Ta sa shi. Ko Rahama da ke gefenta ba ta gani ba, sai wani dunƙulen shuɗi. Ta cire da sauri.

Babu wanda ya gaya wa Sadisu cewa duk kayan farantinsa na masu tsufan ido ne, masu son ganin kusa. Shi bai sani ba, Rahama ba ta sani ba, Ummu ma haka. Abin da ta fahimta kawai shi ne ta gwada tabarau goma sha ɗaya, har da na liman, babu wanda ya karɓe ta. Ke nan nata ya wuce gyara, irin na Baba ne.

Sadisu ya rage murya. "Ummul Khairi, ki daina wahalar da kanki. Ni ban kafa miki sharaɗi ba. Ko yau kika makance, wallahi ina so. Gidana akwai katanga, ba sai kin fita ko'ina ba, komai a kawo miki har ɗaki."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, abin da ya sa ta ji kamar ta kurma ihu ke nan. Shekararta ashirin da biyu, har an tanadar mata ɗakin da za ta zauna ta makance a ciki. Ta ajiye tabarau a faranti ta ja hannun Rahama suka fita.

Kafin su isa gida Sadisu ya riga ya aika wa Uwani, mahaifiyar Ummu, da buhun shinkafa da gaisuwa. Uwani tana tankaɗe suka shigo, ba ta ɗago ba.

"Ummu, zauna. Ni fa na gaji. Shekara bakwai ina jan mahaifinki zuwa bayan gida, ban taɓa yi wa kowa ƙorafi ba. Amma ba zan zauna a ɗauki 'yata a kai ta Magarya ana buɗe mata ido kamar akuyar sayarwa ba."

"Inna, ni na yarda zan je."

"Kin yarda! In likita ya buɗe baki a gaban Ƙande, kina zaton a ɗakin maganar za ta tsaya? Har garin Mallawa sai an ji. Daga nan wa zai ƙara tako ƙofar gidan nan? Ga Sadisu, ya sani, ya gani, ya ce yana so."

"Ni ba na son sa, Inna."

"So!" Uwani ta buga rariya a gefen ƙwarya. "Ni ma da so na auri mahaifinki."

Tana faɗa, ita kanta ta ji nauyin maganar. Sai ga hawaye a idonta. Ummu ta matso ta kwantar da kai a cinyarta, suka yi kukansu tare, garin tuwo yana zuba a ƙasa babu mai kula.

Rahama ce ta sake zuwa da dabara, wannan karon a cikin salularta. Watan jiya ta raka kakar mijinta wajen likitan idon nan na Magarya, ta tsayar da tsohuwar a jikin bango ta ɗauke ta hoto da sabon tabarau. Allon gwajin ya fito a bayanta tar.

"Duba nan. Ba ma karatu ba ne. Wani zane ne mai ƙafa uku, ki faɗi inda ƙafafun suka kalla. Sama, ƙasa, dama, hagu. Daga babba yake farawa, yana bi layi-layi har ƙarami."

Ummu ta kawo salular dab da hancinta. Layi tara ne.

"Ke da kika haddace izu ashirin a Islamiyya," in ji Rahama, "wannan zai gagare ki?"

Bai gagare ta ba. Kwana huɗu tana bita, tana wanke-wanke tana yi, tana shara tana yi. Dama. Sama, hagu. Ƙasa, dama, sama. Ta sa masa kari irin na tilawa don ya zauna, Rahama tana riƙe da salula tana karɓar hadda. Ranar Laraba ta kawo shi daga sama har ƙasa babu gyara ko ɗaya. Ba ta yi murna ba, kanta ne kawai yake sarawa.

Ranar Alhamis da hantsi suka isa Magarya. Ummu da Rahama a motar haya, Iya Ƙande kuma a bayan moton ɗanta. Suka tarar da layi, tsofaffi ne akasari, wasu da auduga manne a ido, wasu ana riƙe da sandarsu. A gefen ƙofa akwai akwatin gilashi cike da tabarau na sayarwa. Ummu ta kawar da kai daga gare shi.

Ta durƙusa har ƙasa ta gaida Iya Ƙande. Tsohuwar ta amsa babu yabo babu fallasa, ta gyara zama a benci.

Sai bayan azahar aka kira su. An hana Laminu da Rahama shiga, suka tsaya a tsakar gidan likitan. Likitan wani dattijo ne siriri mai furfura a gemu, ana ce masa Lokotoro Kyari. Ya dubi Iya Ƙande.

"Mahaifiyarta ce?"

"Shaida ce," in ji Iya Ƙande, ta zauna a bencin da ke bayan kujerar gwaji.

Likita bai ƙara tambaya ba, da alama ya saba ganin irin wannan. Ya zaunar da Ummu, ya ba ta wani ɗan marfi ta rufe idon hagu, ya taka zuwa ƙarshen ɗakin ya ɗora tsinken sanda a kan allo.

Ummu ta duba. Farin abu ne a bango, da wani baƙin tabo a samansa. Shi ke nan abin da ta gani. Ta yi bisimilla a ranta.

"Dama."

"Madalla. Na ƙasa."

"Sama, hagu."

"Ci gaba."

"Ƙasa, dama, sama."

Daga nan harshenta ya kama hanya. Tana jin ƙarar sanda a kan allo tana ba da amsa, layi na huɗu, na biyar, na shida. Tsoron ya fara sakinta. Karin tilawar ya dawo da kansa, jikinta ya soma ɗan rangaji gaba da baya yadda ta saba a gaban malam. Ta kai layi na tara ta dire.

"To, alhamdu lillahi," Iya Ƙande ta faɗa daga baya. Muryarta ta yi laushi, Ummu ba ta taɓa jin ta haka ba.

Likita ya ajiye sanda. Ya tako a hankali, ya jawo kujera ya zauna dab da Ummu kamar zai duba idon, ya yi ƙasa da murya yadda ita kaɗai za ta ji.

"'Yata, a wace makaranta kika yi hadda?"

Bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Idon da na ce ki duba da shi, a rufe yake tun layi na huɗu."

Sai a lokacin ta tuna. Duk sanda za ta ba da hadda runtse ido take yi, tun tana yarinya.

"Ban san abin da ke tsakaninku da baiwar Allahn nan ba," in ji likita. "In ta tambaye ni, zan ce kin faɗi allo daidai, don kin faɗa. Ku tashi ku tafi. Amma da idon da kika zo da shi za ki koma."

"Irin na babana ne?" ta tambaya da raɗa. "Shi ya makance."

"Ban sani ba sai na duba. Kuma ba zan duba a ɓoye ba, tana zaune."

Ummu ta dubi ƙofa. Ga aure a hannunta, tashi kawai za ta yi. Sai ta hango kanta a gidan Iya Ƙande, shekara da shekaru, tana haddace zannuwan dangin miji, tana gaida kowace inuwa don kada ta sake kuskure, tana ƙirga yatsunta kowace safiya ba ta da wanda za ta gaya wa. Wata irin gajiya ta sauko mata tun daga wuya har tafin ƙafa. Ba jarumta ba ce ta sa ta juya, ta dai kasa ɗaukar kayan ne kuma.

"Iya," ta ce, hawaye suna bin kumatunta, "ki gafarce ni. Ban ga komai ba. Haddacewa na yi."

Iya Ƙande ta kafe ta da ido.

Likita ya tashi ya kama aikinsa. Ya haska mata fitila, ya ɗiga magani, ya sa ta jingina haɓa a jikin wata na'ura. Ya yi tambayoyi a kan Malam Wada, yadda ciwon ya fara da yadda ya ƙare. Da ya gama sai ya juya wajen Iya Ƙande.

"Hajiya, idon yarinyar nan lafiyarsa lau. Ba ciwon mahaifinta ba ne. Nesa ce kawai ba ta gani, haka Allah ya yi ta, tabarau zai gyara. Sai dai ta riƙa zuwa duk shekara ana aunawa, saboda mahaifin."

"Saboda mahaifin," Iya Ƙande ta maimaita. "Lokotoro, tambaya ɗaya zan yi maka, ka ji tsoron Allah. Ciwon uban nan, ana gadonsa?"

"Akan gada. Amma in an gano da wuri, akwai..."

Ta riga ta miƙe. Ta gyara mayafinta, ta tsaya a kan Ummu.

"Da kin yi shiru, da na sa rana," ta ce. "Kin faɗi gaskiya, Allah ya yi miki albarka. Amma ɗa ɗaya gare ni."

Ta fita. Ummu ta yunƙura za ta bi ta, likita ya ce ta zauna, bai gama ba. Ya ɗauko wani tabarau na ƙarfe mai nauyi ya ɗora mata a hanci, ya riƙa zura gilasai yana cirewa.

"Wannan ko wannan?"

"Ban sani ba, likita."

"Share hawayen tukuna. To, wannan fa?"

Ya zura wani a dama, ya zura wani a hagu. Ummu ta ɗago kai. Ga allon can da ƙafafunsa uku-uku, kowanne a fili har na ƙasa. Ga tsagar bango, ga ƙuda a kan labule.

"Kada ki tsaya a allo," in ji likita. "Duba waje ta taga, ki gaya mini."

Ta duba. Can ƙarshen tsakar gidan, kusa da ƙofar fita, Laminu ne tsaye a jikin motonsa. Ba ta taɓa ganin fuskarsa daga nesa haka ba. Iya Ƙande tana gabansa tana magana, shi kuma yana girgiza kai. Ya taka zuwa wajen ɗakin, taku biyu, uwar ta riƙe masa hannun riga. Ba ta ja shi ba, riƙewa kawai ta yi. Ya tsaya. Ummu ta ga ya cire hula ya goge idonsa da ita, ta ga yadda haɓarsa take rawa.

Ya juyo ya kalli tagar sosai. Bai ɗaga hannu ba, don ya san ba ta gani daga nan.

Sau uku yana taka moton kafin ya tashi. Iya Ƙande ta hau baya ta dafa kafaɗarsa. Suka fita ta ƙofar, suka bi titi, Ummu tana biye da su da ido har suka wuce mai sayar da rake, suka wuce masallaci, suka sha kwana.

"Yaya?" in ji likita. "Kina gani da kyau?"

"Ina gani," ta ce. "Komai na gani."